Kwalbar Baba da Mutanen Zaure

Mahaifina bai iya cin komai shi kaɗai ba. Ko goro guda aka ba shi, sai ya ɓare shi, ya sake ɓarewa, har abin da zai rage a hannunsa bai kai ƙumbar yaro ba. Ɗan kasuwar hatsi ne a Zurmi, gero da dawa, kuma duk ranar kasuwar Shinkafi yana can tun da hantsi. In aka idar da salla, zaurenmu ba ka samun wurin aje ƙafa. Duk abin da ya fito daga cikin gida, tuwo ne, fura ce, ko gyaɗa ce soyayya, Baba zai tura shi tsakiya ya ce, "Bismillah." Ba kuma ta fatar baki yake yi ba. In ka ƙi sa hannu, sai ya yi fushi da kai har la'asar.

Ni ce babbar 'yarsa, kuma sunan mahaifiyarsa aka sa mini, saboda haka bai taɓa kirana da komai ba sai "Uwata". Wannan suna ne ya ba ni lasisin yi masa faɗa, na kuwa yi amfani da shi yadda ya kamata. Inna takan ce duk gidan ni kaɗai ce Baba ke shakka, ni da mai karɓar haraji.

Lokacin da abin nan ya faru ina aure a Ƙaura Namoda. Ba a daɗe da raba mu da Sakkwato ba, jiha sabuwa ful, ga kuma zancen Shari'a ya cika ko'ina. Kowane zaure da rediyonsa, kowane tsoho ya zama alƙali. A namu zauren ma musu ake yi kullum, har Inna ta ce da musu yana cika rumbu da mun ciyar da Zamfara baki ɗaya.

Ana cikin haka aka aiko mini cewa Baba ba lafiya. Na shiga mota na tafi, na iske mutum ya zube. Cikinsa yana kumburi yana ƙugi, ga zawo ya ƙi tsayawa, harshensa ya yi fari fat kamar an shafa kindirmo. In ya haɗiyi loma sai ya runtse ido. Mutumin da ke tashi da kwano biyu na tuwon dawa, yanzu kunu ma sai an yi lallashi. Wandonsa har ninka mazagi yake yi. Na ji tsoro ƙwarai, sai dai ban nuna ba, na ɓoye shi cikin faɗa.

"Baba, mi kake sha tun da abin ga ya fara?"

Ya laluba aljihu ya fito da ƙullin leda cike da kafso ja-da-yalo, irin wanda masu talla ke yawo da shi a faranti ranar kasuwa. Ashe ya daɗe yana haɗiyarsu. Ciwon kai, kafso. Gajiya, kafso. Kaji sun yi mura, a fasa musu kafso a ruwa, saura ya jefa bakinsa.

"Uwata, yana aiki fa," in ji shi.

"Na ga aikin," na ce. "Tashi mu tahi."

A asibiti a Ƙaura aka duba shi, aka auna jini, aka duba ko yana da ciwon suga, aka ce babu. Likita ya yi mana bayani a hankali. Ya ce a cikin hanjin kowa akwai ƙananan halittu masu amfani, su ke tsare wurin. Yawan kafson da Baba ya sha ba bisa ƙa'ida ba ya kashe su, sai wani abu mai kama da funfuna ya samu fili ya yaɗu, tun daga baki har hanji.

Baba ya zaro ido. "Hunhuna? Ni? Kamar tuwon da ya kwana biyu a kwano?"

Likita ya yi dariya ya ce kusan haka.

Wata ma'aikaciyar jinya, doguwa mai murya kamar ta shugabar makaranta, ita ta miƙo mana maganin. Ruwa ne rawaya mai kauri a kwalba, da ɗan cokalin roba na awo. Ta ce a girgiza kwalbar kafin a zuba. Ta ce ya riƙe shi a baki, ya kurkura, sannan ya haɗiye. Kada a aje shi a rana. In ya manta wani lokaci, kada ya haɗa biyu don ramuwa. In ya ga ƙuraje, ko ƙaiƙayi, ko amai ya matsa, mu dawo ba jira. Kafson talla kuwa, ya rabu da shi. Ta nanata abu ɗaya har na haddace: sai ya shanye kwalbar duka, ko da ya ji ya warke, don abin yana lafawa ne kafin ya mutu, in aka bari sai ya dawo.

Don kada Baba ya manta, sai ta ɗaura masa shan maganin a kan lokutan salla. Dabara ce mai kyau, Allah ya saka mata. Abin da ba ta sani ba shi ne, bayan salla Baba yana zaure, kuma zaure a cike yake.

Na mayar da shi Zurmi, na damƙa wa Inna kwalba, na zauna har na ga ya fara shan kunu ba tare da runtse ido ba, sannan na koma gidana da sanyin zuciya. Da na sake zuwa dubiya, na sauka daidai an fito azahar. Na bi ta ƙofar baya na shiga cikin gida. Ina cire mayafi sai na ji muryar Baba ta bayan katangar zaure.

"Bismillah."

Sai wani ya ce, "Kai! Wanga magani da zaƙi yake, kamar zuma."

Wani ya ce, "Miƙo nan, ni ma cikina yana ɗan murɗawa tun jiya."

Na dubi Inna. Inna ta dubi tukunya. "Ya ce a zaure zai riƙa sha," in ji ta, "ya fi kusa da masallaci."

Na aika aka karɓo mini kwalbar. Na ɗaga ta a haske, ba komai a ciki sai ɗan rawaya-rawaya a gindi. Maganin da ya kamata a ce ko rabi bai kai ba! Wallahi sai da na zauna a kan turmi. Ladan ya sha, tela ya sha, mai gyaran keke ya sha. Wanda ya fi kowa sha kuwa shi ne Kawu, aminin Baba tun suna samari, Bafulatani mai shanu da rugarsa ke bayan gari. Kawu ba shi da haƙori ko ɗaya a sama, kuma duk duniya ba abin da yake so kamar zaƙi. Aka ce har yakan lashe cokalin ya ce a ƙara masa na hanya.

Da Baba ya shigo na tare shi. "Baba, asibiti ka buɗe a zaure?"

"Uwata, to ya zan yi? Mutane zaune suna kallona, in ɗaga cokali in kai bakina ni kaɗai? Ban taɓa ba tun da aka haihe ni. Kuma ai na ji sauƙi."

"Maganin ga naka ne kai kaɗai. An ce sai ka shanye."

"To ai an shanye," in ji shi, ko kunya babu.

Na so in yi dariya, na so in yi kuka, na rasa wanda zan fara. Kafin a kai ko'ina, abin da ma'aikaciyar nan ta faɗa ya tabbata. Farin ya dawo harshensa, cikin ya koma kumburi, kunun ma ya ture. Wannan karon ya fi ramewa, har ranar kasuwar Shinkafi ta zo ta wuce yana kwance a tabarma, abin da ban taɓa gani ba. Idonsa ya faɗa. Na dube shi na ji a raina cewa in aka ci gaba a haka, rasa shi za mu yi a kan cokali.

Muka koma Ƙaura. Da ma'aikaciyar ta ji labari, sai ta dafe kai ta ce, "Alhaji, duk garin ka yi wa magani?" Ta gaya masa ba kowane ciwon ciki ne irin nasa ba, wanda cikinsa ke ciwo ya zo a duba shi da kansa, don wani maganin in ya shiga jikin da bai dace ba illa yake yi. Baba ya yi ta "to, to, in sha Allahu," irin wadda na san ba ta wuce maƙogwaro. Aka ba mu sabuwar kwalba.

A mota na yi ta tunani. In na ce ya sha a ɗaka, zai ce ɓoye abu yake yi wa mutane kamar marowaci, ba zai yarda ba. In na tsare shi da kaina, ina da gida da yara a Ƙaura. Baba ba zai canza ba, ya tsufa da halinsa. Sai na ga ba shi zan gyara ba.

Washegari da safe Kawu ya zo da ƙwaryar nono, kamar yadda ya saba. Na tare shi a ƙofar gida kafin ya shiga zaure, na durƙusa na gaishe shi, na tambayi shanu da iyali. Sannan na ce, "Kawu, zo ka ga abokinka."

Na kai shi har ɗakin da Baba ke kwance yana barci. Rigarsa ta zame, ana ƙirga haƙarƙarinsa. Kawu ya tsaya da sandarsa a kafaɗa yana kallonsa.

"Maganin da aka ba shi gwargwadon ciwonsa aka auno," na ce. "Duk cokalin da wani ya sha, daga lahiyar Baba aka cire shi. Ba zai iya hana ku ba, Kawu, ka hi ni saninsa. Zai ce bismillah ko da ita ce ta ƙarshe."

Kawu ya sauke sandar. "Ni na hi kowa sha," in ji shi a hankali. "Ni ina jin zaƙi, ashe shi nake sha." Ya goge ido da bakin rawani, ya fita ko sallama bai yi ba. Har na fara jin ko na yi masa tsauri da yawa.

Da aka fito azahar na laɓe bayan katanga, ta wani ɗan tsagi da muke leƙen baƙi tun muna yara. Zaure ya cika. Baba ya jingina da bango, ya girgiza kwalba, ya cika cokali, ya ɗaga shi tsakiya.

"Bismillah."

Tela ya fara miƙo hannu. Sai Kawu ya ɗora masa sanda a kan gwiwa, ba da ƙarfi ba, ya dai ɗora. Ya dubi Baba ya ce, "Mun ƙoshi. A sha lahiya."

Baba ya ɓata rai. "Mi kuka ci da kuka ƙoshi?"

"Mun ƙoshi, na ce. Sha."

Ladan ya ce, "A sha lahiya, Alhaji." Sauran suka amsa baki ɗaya kamar ana amin. Baba ya duba dama ya duba hagu, bai samu mai taimakonsa ba. Ya kai cokali baki, ya kurkura yana harararsu ɗaya bayan ɗaya, ya haɗiye.

Tun daga ranar Kawu ya bar wa 'ya'yansa kiwo, ya tare a zaurenmu. Kowace salla yana sahun Baba, kowane cokali yana zaune da sandarsa. Baba bai taɓa fasa cewa bismillah ba, su kuma ba su taɓa fasa cewa sun ƙoshi ba. Ko da harshen ya washe, Baba ya ce ya warke a bar sauran ga mabuƙata, Kawu ya ce shi bai ji da wannan kunnen ba. Sai da aka ɗaga kwalbar aka ga ƙasanta. Ladan, wanda cikinsa ke murɗawa da gaske, Baba ya matsa masa har ya je Ƙaura aka duba shi, aka iske nasa ciwon daban ne, maganinsa ma daban.

Ina nan ranar da Baba ya ce a tuƙa masa tuwon dawa miyar kuka, a zuba man shanu kada a yi rowa. Inna ta tuƙa tana waƙa. Aka kai zaure a babban akushi, na koma wurin tsagina. Baba ya wanke hannu, ya tura akushin tsakiya.

"Bismillah."

Ba wanda ya motsa. Sun saba. Kawu ya buɗe baki ya fara, "Mun ƙo…"

Baba ya kamo hannunsa, ya ja shi har cikin akushi, ya tsoma masa yatsu a miya. "Wanga ba magani ba ne," in ji shi. "Kun bar ni ina ci ni kaɗai kamar maraya. Ya isa. Ci."

Kawu ya yanko loma ya kai baki, hawaye na bin gemunsa, yana cewa yaji ne ya yi yawa. Inna ba ta sa yaji ko kaɗan a miyar nan ba, ni na daka kayan.