Ranar da Aka Aike Ni Kamo Surukina

A Gwandu aka haife ni, amma aikin ɗan doka ya jefa ni wajen Kalgo a shekarun da aka fara zaɓe, Turawa ba su tafi ba tukuna. Aka ba ni jar dara da kulki da takalmi mai cizon ƙafa, na ɗauka duniya ta zo hannuna. Nan na yi aure. Ban bincika sana'ar uban yarinyar da kyau ba, an dai ce mini manomi ne. Gaskiya ne yana noma da damina, amma da rani shi ne shugaban 'yan bangar jam'iyyar masu mulki, ƙartin da ke tarwatsa taron 'yan hamayya da gora.

Wata ranar kasuwa suka fasa wa wani masunci kai saboda ya tsaya sauraron lacca. Mutumin nan mai taurin kai ne, ya ɗaure goshi da tsumma ya kai ƙarar surukina gaban alkali. Da sammaci ya fito, Saje ya dubi 'yan doka, take kowa ya ce ciwon ciki ya kama shi. Sai ya nuna ni, ya ce in ban zo da wanda ake ƙara ba in ajiye masa dararsa. Ina son darar nan, ina kuma son matata, raina ya ɓaci ƙwarai.

A wajenmu mutum ba ya haɗa ido da surukinsa, ba ya tsayawa a kansa, ba ya zuwa gabansa da takalmi. Don haka tun daga bakin zaure na tuɓe takalmin hukuma, na durƙusa, na kafa wa ƙasa ido. Ban taɓa jin inda aka kama mutum daga durƙushe ba. Muka gaisa, na tambayi gida, na tambayi shanu, na koma na sake tambayar gida.

Ya ce, "Yaro, mi ya kawo ka da hwarar sahiya?"

Na ce, "Baba, wai alkali na ka gaishe ka."

Ya yi dariya har da buga cinya. "To, mu tai in amsa mai."

Ya miƙe ya ɗauki gorarsa. Yaro kuwa ba ya barin babba da kaya, sai na karɓa. Ba ya kuma shiga gaban surukinsa, sai na bi baya. Haka muka ratsa kasuwa, wanda aka kama yana gaba yana amsa gaisuwa, hukuma tana biye ba takalmi, gora a kafaɗa, ƙaya tana sukanta. 'Yan bangarsa suka biyo mu, wani har ya dafa ni ya ce barka da shigowa jam'iyya. Kunya ta hana ni kai masa kulki, amma har yau ina jin haushinsa.

Duk hanya ina lallashin kaina cewa da mun isa kotu magana ta fita hannuna, alkali ba ya jin kunyar kowa. Muna shiga sai na ga dattijon alkalin nan ya zabura ya tashi daga kan buzunsa, rawani na neman zamewa. Ya sa aka shimfiɗa wa surukina tabarma kusa da shi, ya tambayi gida, ya tambayi shanu. Kowa ya san jam'iyyar da ke ciyar da 'yan banga ita ke iya tuɓe rawani. Aka tambayi masunci ko yana da shaidu, duk kasuwar da ta ga abin ta ce ranar tana gona. Aka ce ya yi haƙuri, ya riƙa duba hanya in yana tafiya.

Saje ya bar mini darata, matata ta yi mini tuwo da man shanu, na ci ban ji daɗinsa ba. A ƙofar kotu masuncin ya tsaya, ya daɗe yana duban gorar da ta fasa masa kai, tana nan a kafaɗata. Na buɗe baki zan ba shi haƙuri, ya ɗaga hannu.

Ya ce, "Bari, ɗan doka, kai dai surukinka na. Shi alkali, ɗiyar wa shika aure?"