Injin Ƙyanƙyasar Yahanasu

A gyara hanya, ga Yahanasu, uwar 'yan tsakin Dutsin-Ma kaf, wadda ta bar ɗinki ta sayi injin ƙyanƙyasar ƙwai! Matsalarta ɗaya: da maƙwabcinta Lado ya fara walda, sai wutar lantarki ta yi rauni, kwamfutar da ke daidaita zafin injin ta rikice, ƙwai su lalace. Shi ya sa kullum take leƙa shagonsa su tsara lokacin aiki, har da dariya.

Dariyar nan ke cin Maniru, wanda ya daɗe yana sonta ko kallo bai samu ba. Rannan ya tare ta.

"Ranki ya daɗe, ki kawo injin gidanmu mana. Layinmu babu mai walda, kin huta da Lado."

Ta ce, "Maniru, layinku ai ko wuta babu."