Dabbabin da Ya Ƙi Ɗaukar Baba

Juma'ar farko bayan alhazai sun watse a shekarar 2013, ina 'yar shekara goma sha ɗaya, ana saukowa daga masallaci Baba ya ɗaure wani tsohon babur ɗin ruwa a bayan a-kori-kurarsa, ya kwashe mu ni da Umma daga Makka sai bakin teku a Shu'aiba. Dabbab muke ce wa abin, yadda Larabawan unguwarmu ke cewa. Ba shi da wurin zama. Mutum kan kwanta a kansa ya ba shi wuta, in ya ɗauki gudu ya durƙusa, sannan ya miƙe tsaye. Baba kuwa ƙato ne, ga ƙashi ga teɓa. Ya kwanta ya matsa wuta, dabbab ya ɗaga hanci sama, gindinsa ya nutse, yana ta kuka yana jan ciki a wuri guda. Sau uku ana haka. Daga nan ya saka mini rigar iyo, ya nuna mini inda ake matsawa da inda ake kashewa. Ina taɓawa abin ya tashi da ni kamar bai ɗauki kowa ba. A durƙushe na zaga na dawo, ina ihu, bakina cike da gishiri. Umma tana kan tabarma tana zuba shayi ta ce, "Malam, injin nan lafiyarsa ƙalau. Kaya ne suka yi masa yawa."

Baba ya yi dariya, amma na ga abin ya tsaya masa a rai. A Doron Baga ya tashi, a bakin Tafkin Chadi, yana gyara wa masunta injin kwalekwale. Da ya zo Makka sai ya koma gyaran janareta a otal-otal ɗin unguwar Jarwal, shekara da shekaru tsakanin duwatsu, ba ya ganin ruwa sai na famfo. Wani mai otal ne ya ba shi dabbabin da ake share sito, ya ce ya kai bola in ya ga dama. Gidanmu a unguwar Zahir tsakar gidansa ba ta fi taku shida ba, nan ne igiyar shanya, nan ne keken ɗinkin Umma, nan kuma aka girke dabbab a kan tsofaffin tayoyi biyu. Umma ta ce ta ba shi zuwa Sha'aban. In ɗinkin Sallah ya taso abin bai tashi da shi ba, to ya san inda zai kai shi.

Sabon inji ba ya cikin magana, don haka Baba ya bi abin ɗaya bayan ɗaya. Ni ce direba, ni ce kuma mai faɗa masa abin da injin ke yi a cikin ruwa, tunda ni kaɗai yake ɗauka. In na dawo daga makaranta na yi wanke-wanke na share tsakar gida, sai mu zauna da wayarsa muna kallon masu gyara, ina fassara masa Larabcin da ya yi masa sauri. Farfelar da ke tura ruwa ta cinye, ya samo wata a wurin masu sayar da ɓaraguzan injuna a Jidda. Ya kai kan injin wurin wani mai injin fere ƙarfe aka rage masa kauri kaɗan, don ya riƙa matse iska sosai. Ya ƙone dattin salansa, ya warware kafireta a kan farantin Umma na baƙi, abin da ya jawo masa kwana biyu ba fara'a. Da yamma yakan saka tiyo ya tayar da injin na minti ɗaya, hayaƙi ya cika shanya, Umma tana cewa ruwan da tanka ta kawo mana ba na wanka wa ƙarfe ba ne. Ƙawayena Hausawa da 'yan Yaman kan bar 'yar carafke su yi layi, kowace ta hau ta riƙe kan dabbab tana karkata jiki, sauran muna watsa mata ruwa da murfin tukunya.

Da muka koma Shu'aiba da sanyi, injin ya canza murya. A ranar na fara miƙewa tsaye, iska tana dukan fuskata, na yi nisa har motarmu ta koma kamar akwatin ashana. Sai na ji ƙarar ƙarfe, injin ya mutu. Na faɗa ruwa na rungume dabbab, igiyar ruwa tana ɗaga ni tana saukewa, ba na jin komai sai numfashina. Baba ya iso da iyo, ya ɗora ni, ya ja mu har gaɓa. Ashe ya ƙara wa injin matsi bai ƙara masa mai ba, zafi ya huda fistin. Muka kwaso kaya muka dawo Makka. A ƙofar gida ya dafa kaina ya ce, "Uwata, na saka ki a teku da injin da ban gama sani ba." Uwata yake ce mini don sunan mahaifiyarsa na ci. Ya lulluɓe dabbab da tamfol, wata guda bai kalle shi ba.

Umma ce ta yaye tamfol ɗin. Wata safiya ta ce masa, "Ka sa na saba da hayaƙi, yanzu kuma ka bar ni da gawa a tsakar gida?" Da ya samo wani fistin na hannu, ita ta zana takardar da ake sawa tsakanin ƙarfe da ƙarfe don kada iska ta fita, ta yanke ta da almakashin ɗinkinta, ko gashi bai kauce ba. Wannan karon Baba ya buɗe wa kafireta hanyar mai, ya yi ta cire fulogi yana duba launinsa, bai yarda na hau ba sai a ruwan da bai wuce ƙirjinsa ba. Ita kuma Umma ta fara rage masa shinkafa a faranti.

Saura mako biyu Sha'aban ya kama muka sake zuwa. Baba ya kwanta ya ba da wuta, dabbab ya yi nishi, ya ɗaga hanci, sai kuma ya daidaita ya hau saman ruwa. Ya ɗora gwiwa ɗaya, ya ɗora ta biyu, ya miƙe yana rawar ƙafa. Muka ji yana kiran sunayen masuntan Baga da ƙarfi, mutanen da ba mu taɓa gani ba, kafin ya karkace ya faɗa ruwa ya taso yana dariya. Umma ta goge ido da gefen mayafi ta ce, "Rabin ƙarfin nan daga tukunyata ya fito."

Yanzu a hawa na huɗu nake zaune, ba tsakar gida, ba igiyar shanya, in abu ya lalace sai mu kira mai gyara ya ce a sayi sabo. Baba ya tsufa, gwiwa ta hana shi ko hawan bene, dabbab kuma yana hannun wani maƙwabcinmu da ke kai 'ya'yansa teku. In na kai yarana Shu'aiba na ga sababbi suna wucewa a guje, nakan tsaya ina saurare ko zan ji mai tari irin namu. Ban taɓa ganin mahaifina ya koma yaro ba sai a ranar da dabbab ya ɗauke shi.