Idanun Mai Walda

A bayan kasuwar Jimeta wani dattijo mai walda yana tsugune gaban ƙugiyar tarakta da ta karye gida biyu. Ban san shi ba. Rigarsa duk hujin tartsatsi ce, idanunsa jajur, ruwa na bin kumatunsa.

Manomin da ya ɗauko hayar taraktar daga Mbamoi sai kai da kawo yake.

"Bappa Zarami, a taimaka. Ruwa ya sauka, ni kaɗai ne ban yi huɗa ba."

Dattijon yana zaro wayoyin walda daga gwangwani, yana murza su ɗaya-ɗaya tsakanin yatsu. Ya ture wata gefe.

"Wannan ta sha sanyin damina. Ba za ta riƙe garma ba."

Na ɗauka gwaninta ce, sai na lura ko sau ɗaya bai kalli wayar ba. Karayar ma da yatsa yake bin ta. Da wutar waldar ta tashi, ni da manomin muka kau da kai. Shi ko ƙiftawa bai yi ba.

Wataƙila har iyalinsa bai gaya wa ya daina gani ba. In maganar ta fita, wa zai sake kawo masa ƙarfe?

Manomin ya duba gyaran, yana ta godiya. Dattijon ya miƙa hannu zai ɗauki butar da ke gabansa, sai ya damƙi iska. Ya yi maza ya kai hannun gemu, kamar dama shafawa zai yi.