Baƙuwar Inna Saude

Duk wanda ke kai shinkafa injin casa a Kura ya san hannun Inna Saude, ko da bai taɓa ganin fuskarta ba. Mai inji yana kwance bakin buhu zai ce, "Wannan ta Gangaren Tsamiya ce," domin shinkafar da ta turara ba ta karyewa, ba ta wari, kuma tsakuwa ko ɗaya ba za ka tsinta ba. Tana da shekara goma sha tara aka kawo ta ƙauyen daga Bunkure, gidan Malam Ɗanbaba mai noman rani a bakin kanal, ta tarar da uwar mijinta tana sana'ar da tukunya biyu. Yau ganga shida take ɗorawa, mata huɗu suna aiki a ƙarƙashinta. Da wannan hayaƙin ta aurar da 'ya'ya biyar. Baki kam tana da shi, kowa ya shaida, har Malam ɗin. Abu biyu kuma take ji da kanta a kai: shinkafarta, da yadda take saukar baƙo.

Bara, bayan ƙaramar Sallah, Dakta Ummulkhairi ta zo gaishe ta. 'Yar ƙauyen ce, malama a jami'a a Kano, kuma Saude ta goya ta tana jaririya.

"Inna, ɗaliba ce za ta zo mana daga ƙasar Indunusiya," in ji Dakta. "Zango ɗaya za ta yi, wata huɗu. Tana nazarin yadda muke sarrafa shinkafa, ta kuma koyi Hausa daidai gwargwado. Ana so ta zauna cikin iyali. Ni kuwa gidanki na zaɓa."

Saude ta gyara ɗaurin ɗankwali ta ce, "To da gidan wa za ki zaɓa?"

Akwai dai wadda ta so a zaɓi nata. Hajiya Uwa, matar wani mai injin casa a Kura, mai gidan bene da tayil da sola, ta faɗa a gidan suna, a gaban mata, cewa in mutumin ƙasar waje ya yi wata guda a gidan ƙasa cikin hayaƙin ɓuntun shinkafa, a canza mata suna. Kafin la'asar maganar ta iso kunnen Saude da ɗuminta. Daga ranar ta ƙulla a ranta cewa yarinyar nan sai ta cika wata huɗunta cif a gidan, ko mutuncinta ya zube a ƙauyen.

Sai ga aiki! Aka yi wa ɗakin kudu sabon daɓen siminti, aka sayo katifa da gidan sauro da labule mai kauri. Gangunan turara ta sa aka kwashe su kaf zuwa kangon bayan gida, kada hayaƙi ya taɓa baƙuwa. Ta tara mutanen gidan, matar ɗanta Saliha da jikoki, ta kafa doka: ba mai leƙa ɗakin, ba mai tsayawa a kanta in tana cin abinci, ba mai barin ta ɗauki ko tsinke.

Baƙuwar ta iso ranar Lahadi. 'Yar siririya, da farin hijabi da tabarau, sunanta Nuraini. Ta kama hannun Saude da hannu biyu ta kai goshinta, ta ce, "Inna, ina wuni?" Nan take Saude ta ji yarinyar ta kwanta mata. Ta kai ta ɗaki da kanta, ta jere mata kuloli, shinkafa da kaza, ta ce, "Ci ki ƙoshi, 'yar nan," ta saki labule ta fice. Haka ake yi wa baƙon da ake ganin girmansa, a ba shi wuri ya ci ba tare da kunyar idon kowa ba.

Haka aka yi ta yi, safe da rana da dare. Da hantsi Nuraini ta bi Malam gona, ta dubo yadda ake sakin ruwa daga kanal, ta rubuta a littafinta. In ta dawo ta ɗauki tsintsiya, Saude ta fizge: "Haba! A gidana?" In ta nufi kangon baya, a tare ta, a ce hayaƙi ne, ta je ta huta. Ranakun Asabar Dakta ke zuwa da mota ta kai ta buɗe ido. Nuraini ta hau Dutsen Dala, ta ga rijiyoyin marinar Ƙofar Mata, ta ɓace sau biyu a lungunan kasuwar Kurmi. Ta dawo da hotuna fal waya, tana miƙawa, Saude ta leƙa daga bakin ƙofa ta ce, "Madalla, kin sha hanya, shiga ki kwanta."

Abin da ya fara damun Saude shi ne kulolin. Kullum sai su fito kusan yadda suka shiga. Ta canza kaza zuwa zabi, ta aika aka sayo taliya da biredi daga Kura, ta rage yaji har miyar ta zama lami. A banza. Yarinyar sai ramewa take, murmushin ma ya ragu.

A sati na uku, ranar Laraba, Dakta ta zo ba da sanarwa ba. Ta daɗe tana gaisuwa, tana kame-kame, sannan ta sauke.

"Inna, ki yi haƙuri. Nuraini ta roƙi a sauya mata gida. Ta ce ba ta so ta ci gaba da takura muku. Ranar Asabar zan kai ta ta ga dam ɗin Tiga, daga nan sai in sauke ta gidan Hajiya Uwa."

Saude ta ji kamar an watsa mata ruwan zafi. "Gidan wa? Ummu, ni za a yi wa haka? Me na rage ta da shi? Zabina nawa suka tafi? Ni da ko tari ban bari a yi kusa da ɗakinta ba!"

Bayan tafiyar Dakta ta zazzage wa Malam, ta zazzage wa Saliha, har akuyar da ke ɗaure sai da ta samu rabonta. Malam ya bari ta sarara, ya ce, "Saude, duk kin tambayi kowa. Ita kin tambaye ta?"

Tambayar baƙo dalilin tafiyarsa abin kunya ne, amma wutar da ke cinta ta fi kunyar. Da azahar, bayan an kai abinci, ta yi sallama ta ɗaga labulen da ita kanta ta hana a ɗaga.

Nuraini na zaune a tabarma, ta jingina wayarta da kula. A cikin wayar ga wata dattijuwa da maza da mata da yara, sun kewaye abinci a ƙasa, suna ci suna hayaniya. Ita kuma tana kai loma a hankali tana kallonsu, hawaye na bin gefen tabaranta.

"Su waye waɗannan?" in ji Saude.

"Mamana ce, da 'yan gidanmu. Yanzu can magariba ta wuce. Ina kiran su mu ci tare." Ta share ido, ta harhaɗo Hausarta. "Inna, a gidanmu mutum ba ya ci shi kaɗai. Sai mai ciwo da ake gudu, ko wanda ya yi laifi. Ina jin kuna dariya a waje, kuna ci. Ni ina nan. Na taɓa tsintsiya, kin karɓe. Na zo ganin shinkafa, an kore ni. Inna, laifin me na yi?"

Wallahi kunya ta rufe Saude, da tausayi, da haushin kanta. Sati uku tana tsare 'yar mutane a ɗaki kamar mai ƙyanda, tana cewa karramawa ce! Ta dubi dattijuwar da ke cikin waya, ita ma ta zuba mata ido daga wata duniya, sai ta ji da za ta iya nutsewa ƙasa da ta nutse.

Ba ta iya ba da haƙuri da baki ba, ba ta saba ba. Sunkuyawa ta yi ta kwashi kulolin, ta ce, "Taso." A tsakar gida ta juye zabon da shinkafar cikin babban faranti, kan wake da shinkafar da Saliha da yara suke ci da mai da yaji. "Ku matsa mata. Ke kuma wanke hannu, ba cokali a nan." Ranar Nuraini ta ci har tana shan iska saboda yaji, ta kuma ƙara.

Washegari da sassafe Saude ta ba ta tsohon zane ta ɗaura, ta ja ta kangon baya. Ta nuna mata yadda ake wanke shinkafa a kwashe wadda ta taso sama, yadda ake jiƙa ta ta kwana, da yadda ake gane ta turaru in ɓawon ya fara tsagewa. Nuraini ta tura ɓuntu a wuta, ido na ruwa, baki har kunne. Amma zancen Asabar ba wanda ya tayar. Saude dai ba za ta roƙi kowa ya zauna a gidanta ba, ko da za ta mutu da abin a ciki.

Ranar Juma'a aka bar wa Nuraini shanya. Ta shagala da rubutu, ta bar shinkafa a tsakar rana ba juyi. Saude na zuwa ta ɗebi ɗaya ta gatsa, ta ji ta ƙeƙashe. Nan fa bakin ya kubce.

"Ke wace irin yarinya ce! Na ce ki juya, ki ja ta inuwa, kin zauna kina zane-zane? Wannan in ta shiga inji gari za ta zama! Littafin ne zai juya miki? Tashi, ɗauki manjagara!"

Nuraini ta miƙe ta hau jan shinkafa. Sai da Saude ta huce sannan ta tuna da wa take. Shi ke nan, ta ce a ranta, na ƙarasa ɓata abin da hannuna. Ranar ko abincin kirki ba ta ci ba.

Asabar da hantsi motar Dakta ta tsaya a ƙofar gida. Saude ta zauna a kan turmi ta juya wa ɗakin kudu baya, ba ta son ganin fitar akwati. Sai ta ji an dafa kafaɗarta. Nuraini ce, da 'yar jakar hannu kawai, da mayafin Saude na unguwa a ninke.

"Ina kayanki?" in ji Dakta.

"Suna ɗakina," in ji Nuraini. "Jiya Inna ta yi mini faɗa sosai. Mamana kaɗai ke yi mini irin wannan. Ba inda zan je." Ta miƙa mayafin. "Inna, Saliha ta ce shekara talatin kina aiki da ruwan Tiga, ba ki taɓa ganin inda yake fitowa ba. Tashi mu je."

Saude ta karɓi mayafin ta rufe fuska da shi na ɗan lokaci, wai tana gyarawa. Daɗi ne ya cika ta har wuya. Da ta buɗe, ta ce, "Ummu, ta cikin Kura za mu bi."

"Inna, ai ba hanya ba ce."

"Na sani. Bi dai."

Hajiya Uwa na tsaye a ƙofar gidan benenta da mata biyu, an sha kwalliya tun da wuri ana jiran baƙuwa. Saude ta sa aka tsaya, ta sa aka sauke mata gilashi, ta gaishe ta a tsanake, ta tambayi maigida da yara ɗaya bayan ɗaya.

Sannan ta ce, "Hajiya, sannu da ɗawainiya, Allah ya ba da lada. A naɗe shimfiɗar. Yarinyar tana da gida."