Telan Sintali a Mayo Dalle

A unguwar Sintali ta Jalingo aka haifi Jibrilla, a gidan da kakansa ya gina bayan ya baro Zariya. Ɗinki ya tarar ana yi a gidan, shi ma ya kama. Bai taɓa mallakar shago ba. A rumfar baffansa da ke bayan Kasuwar Jalingo yake zama, shi ke aikin wuya da aljihu, baffan ke karɓar yabo. Siriri ne, ba ya son hayaniya, kuma in layin zare ya karkace sai ya farke ya sake. Yana da mata, Hamna, da 'yarsu ƙarama, suna zaune a ɗaki guda cikin gidan gado.

Yayarsa Fiddausi tana aure can kan tsaunin Mambila, a wani ɗan gari da ake kira Mayo Dalle, wanda rafi kawai ya raba shi da Kamaru. Mijinta, Maishanu, Bafulatani ne mai sayar da maganin dabbobi. Da ta haihu, mahaifiyarsu ba ta iya doguwar tafiya saboda ciwon ƙafa, sai aka tura Jibrilla ya tsaya wa gida a wurin suna. Mota ta kai shi Gembu bayan ta sha hawan dutse, daga nan kuma babur ya ɗauke shi ta hanyar da ruwa ya cinye. Ya iso jikinsa duk laka, haƙoransa na kaɗawa don sanyi.

Garin layi ɗaya ne na shaguna, da masallaci, da coci, da kasuwar da ke ci ranar Laraba. Da Fillanci ake yawancin magana, Hausa sai an ga baƙo. Telan garin ya rasu tun bara, keken ɗinkinsa na ajiye a zaure an lulluɓe shi da buhu. Ranar suna rigar liman ta yage a hammata, Jibrilla ya roƙi a buɗe masa keken ya gyara. Kafin ya shirya komawa gida, yadudduka sun taru a gabansa, ga Sallah ta matso. Ya ce zai ƙara mako guda. Da Sallah ta wuce, sai ga shi ya kama ɗaki a bakin kasuwa, ya kafa keke, karon farko a rayuwarsa da aka ce shagon Jibrilla.

Bai daɗe ba ya gane abin da garin ke ci da shi. 'Yan acaba kan ɗaure jarkokin fetur su bi ta daji su haye rafi, su dawo da buhunan shinkafa. Kowa ya sani, ba mai faɗa a fili. Amma in mutum ya ɗaga hannu ana auna shi, bakinsa kan saki, don haka Jibrilla ya ji sunayen hanyoyi da ranakun fita ba tare da ya tambaya ba. Maishanu ya ja masa kunne cewa abin da ya ji a shago ya bar shi a shago. Haka kuwa ya yi.

Waya ba ta kamawa a cikin gari sai an hau tudun da ke bayan makarantar firamare. Mutanen garin sukan hau in da dalili. Jibrilla kuwa kullum bayan la'asar sai ya rufe shago ya hau, ya ji muryar Hamna da gwarancin 'yarsa, ya tambayi ƙafar tsohuwa.

Cikin damina, wata safiya, jami'an tsaron iyaka suka tare ayarin 'yan acaba a wata mashiga da ba a taɓa ganinsu a wurin ba. Suka kwashe babura da kaya. Wani matashi, Abdulmuttalib, ya yi ƙoƙarin juyawa da gudu, babur ya kwashe shi cikin kwazazzabo, ƙafarsa ta karye. A kan ƙyaure aka shigo da shi gari, aka wuce da shi ta gaban shagon Jibrilla. Yayansa Abbo, wanda shi ne babban 'yan acaban, yana riƙe da gefen ƙyauren. Ya kalli tela sau ɗaya, ya kawar da kai.

Daga ranar gari ya sauya masa. Masu yadi suka riƙa zuwa suna karɓar kayansu ba a ɗinka ba, kowa da uzurinsa. In ya shiga wurin mai shayi, sai Hausa ta ɗauke, a koma Fillanci ƙasa-ƙasa. A masallaci wanda ke kusa da shi a sahu ya fara barin ɗan fili. Fiddausi ce ta faɗa masa gaskiya, tana kuka a madafi: ana cewa baƙon da ke jin sirrin kowa, kuma yake hawa tudu da waya kullum, shi ya sayar da su. Ta roƙe shi ya bi motar da ke ɗaukar dankali ya sauka gida. Ya yi tunanin hakan, har ya naɗe tabarmarsa. Sai ya ga in ya gudu ya amsa laifin ke nan, kuma yayarsa da mijinta ne za su zauna da abin. Ya daina hawa tudu, amma hakan ma aka ce ai aikin ya ƙare ne.

Ranar Laraba, kasuwa ta cika, Abbo ya zo da mutanensa suka tsaya a ƙofar shago har haske ya ragu a ciki. Ba wanda ya yi sallama. Ɗaya yana riƙe da sarƙar babur a naɗe a hannu. Abbo ya miƙo tafinsa ya ce a ba shi wayar. Jibrilla ya ciro ta daga aljihu. Ya miƙa. Suka bi sunayen da ke cikinta ɗaya bayan ɗaya, har suka tsaya a kan wanda aka rubuta Oga Victor, aka ga an kira shi ana gobe za a yi kamen.

"Wane ne ogan naka?" in ji Abbo.

Jibrilla ya ce makanikin keken ɗinki ne a Kasuwar Jalingo, kowa Oga yake ce masa. Wani ya yi dariyar da ba ta daɗi. Mai sarƙar ya matso. Daidai nan Maishanu ya kutsa ta tsakaninsu, yana haki, ya ce duk mai magana da surukinsa ya zo a yi ta gaban Jauro, mai garin.

Jauro tsoho ne, yana zaune kan buzu a zaurensa da bargo a kafaɗa. Ya saurari Abbo har ya gama, sannan ya tambayi tela da Hausarsa mai nauyi ko yana da abin cewa.

"Ranka ya daɗe, na ji maganganu da yawa a shagona, ban kai wa kowa ba. A kira mutumin a ji."

Kiran kuwa sai a kan tudu. Haka aka ɗunguma, Jauro da sandarsa a gaba, Jibrilla a tsakiya, rabin kasuwa a baya. Hanyar da ya saba bi shi kaɗai ta yi masa tsawo. Yana tafe yana tunanin in Victor bai ɗauka ba, ko ya ɗauka da wasan banzan da ya saba, me zai faru a wannan wuri da ba kowa sai ciyawa da gangare. A sama Abbo ya danna kiran da kansa, ya buɗe murya. Ta yi ta ƙara har ta katse. Ba a ɗauka ba. Jauro ya ce a sake.

A karo na biyu aka ɗauka, hayaniyar kasuwa da ƙarar janareta suka cika wurin.

"Malam Jibrilla, ka dame ni fa. Ƙoshiyar kekenka ban samu ba tukuna, irin tsohon nan ya ƙare a kasuwa. Ka yi haƙuri sai kaya ya zo daga Anaca."

Abbo ya kashe wayar. Ya ce wannan bai wanke kowa ba, mutum na iya goge lamba. Maishanu ya amsa cewa gaskiya ne, amma shi ya tsaya wa surukinsa: ranar da aka kawo shaida, a kore su tare, da shi da iyalinsa. Jauro ya ce magana ta ƙare a nan, kuma duk wanda ya taɓa baƙon nan da shi ya yi. Ya karɓi wayar ya miƙa wa mai ita. Da aka watse, Jibrilla ya zauna a kan dutse, sai can ya sauko ya koma shago.

Aiki bai dawo da wuri ba. Matan coci ne suka fara kawo ɗinkin anko, sannan mutanen ƙetaren rafi, sannan sauran gari a hankali. Abdulmuttalib ya warke da ɗingishi, ya bar acaba ya koma sayar da taya, har yakan zauna a bencin shagon su yi hira. Abbo kuwa bai sake gaishe shi ba, kayansa Gembu yake kaiwa. Ba a taɓa sanin wanda ya kai rahoton ba, wasu ma na cewa babu wani rahoto, sawun babura kawai aka bi.

Jibrilla ya yi shekaru a Mayo Dalle. Ya koyi Fillanci har yana ciniki da shi. Hamna ta hau sau ɗaya, sanyi ya kwantar da yarinyar, ta ce ita kam Jalingo. Da jikin tsohuwa ya yi nauyi ya sauko gaba ɗaya, ya buɗe shagonsa a Yelwa, kusa da wata makaranta. Yanzu yawancin aikinsa kayan 'yan makaranta ne, kuma yana da masu koyo a hannunsa.