Jirgin da Muka Zana a Laburare

Kwamfuta ɗaya tak aka kawo makarantarmu a Kafanchan, muna aji biyar na sakandare. A laburare aka ajiye ta, aka lulluɓe da leshi kamar kayan amarya. Mai kula da laburaren, wata 'yar Manchok da muke kira Madam, ita ta je kwas ta dawo tana koya mana yadda ake rubuta wa na'urar umarni. Doka biyu ta kafa: a cire takalmi a ƙofa, kuma da an ji tsawa sai a zare waya daga bango. Ta taɓa ganin tsawa ta ƙona talabijin a gidansu, ba ta wasa da wannan.

Ƙawata Ibo ce, babanta direban jirgin ƙasa. Kanta na ja, bakinta ya fi kan. Ita ta zauna ta tsara umarnin da zai sa ɗan jirgi ya ratsa allon kwamfutar yana hayaƙi. A takarda ta rubuta, shafi bayan shafi, don ba mu da faifan ajiya. Da an ɗauke wuta duk abin da aka buga ya tafi, sai a koma farko. Ni ke karantowa, ita ke bugawa.

"Ke 'yar Kagoma, karanta da sauri mana, ba coci muke ba," haka take ce mini.

Sau nawa muka kai tsakiya aka ɗauke wuta, ban ma iya tunawa. Haushi kamar in ciji tebur.

Sai babanta ya yi ritaya, za su koma garinsu can gabas. Ranar Asabar za su tashi. Abu ɗaya take so, ta ga jirginta ya yi tafiya kafin ta bar garin.

Ranar Juma'a aka kawo wuta bayan an tashi daga makaranta. Madam ta kori kowa ta bar mu mu biyu. Damina ce, hadari ya haɗo daga wajen tsaunukan Kagoro, muna gani ta taga, muka ci gaba da aikinmu. Muryata har ta dushe saboda karatu. Muna shafin ƙarshe aka yi rugugi.

Madam ta miƙe.

"Madam, don Allah, saura kaɗan," in ji ƙawata.

"'Yata, in ta ƙone, me zan ce wa na bayanku?"

Ta zare wayar. Na daɗe ina jin haushinta. Ƙawata ba ta yi kuka ba. Ta naɗe takardun ta tura mini a aljihu, ta ce in gwada in an dawo hutu. Muka fita cikin ruwa, ko adireshi ban tuna na karɓa ba.

Da aka dawo, ni kaɗai na zauna na buga, da yatsa ɗaya, ba mai yi mini tsiya. Na danna maɓallin kunna shi. Jirgin ya fito daga hagu, ƙarami, fari, yana tafe yana hayaƙi har ya ɓace ta dama. Ko kuskure ɗaya babu. Madam ta tsaya a bayana ta ce in sake, na sake.

Na tambayi mutanen kwatas ɗin reluwe, kowa ya ce sun tafi gabas, iyakar abin da suka sani ke nan. Ina kewarta har yau. Tana can wani wuri, wataƙila da jikoki, ba ta san jirginta ya tashi ba.